GASKIYA TA FI KWABO: TARIHIN JARIDAR DA TA RATSA HANNU SHIDA

 

Duk wanda ya yi zamani a makarantarmu cikin shekarun 1970 ba zai manta da dogon teburin nan na laburare ba, inda ake shimfiɗa jaridu idan motar makaranta ta dawo daga Kano ta hanyar Kabuga da Rimin Gado. Jarida biyu ce ba a rasawa a kan teburin. Akwai New Nigerian, wadda manyan 'yan aji biyar kan ɗauka suna ɗaga hanci don a san sun ji Turanci. Akwai kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda kowa ke rububinta, har da masu dafa abinci da baba mai gadi, waɗanda kan tare ɗalibi a bakin kicin su ce ya karanta musu labarin duniya. In an ba da hutu nakan roƙi malamin laburare tsofaffin da aka gama da su, in ƙunshe cikin akwatina in tafi da su ƙauyenmu a ƙasar Kabo. Bayan sallar isha sai a kunna fitilar ƙwai a ƙofar gida, mahaifina da abokan hirarsa su zauna bisa tabarma, ni kuma in yi ta karatu har muryata ta dushe.

Wani dare cikin hutun ƙarshen shekarar 1975, ina tsakiyar karatu sai wani dattijo, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, ya ɗaga hannu ya dakatar da ni. Ya ce, "Yaro, wai shin wannan takarda ta wane ne?" Na ce, "Baba, ai ta gwamnati ce." Ya ce, "Wace gwamnatin? Mun ga ta Turawa, mun ga ta Sardauna, yanzu ga ta soja. Wacce daga ciki?" Na yi shiru, aka yi mini dariya, na ci gaba da karatu. Ashe a cikin wannan shekarar ma jaridar ta sake canja hannu, ni mai karanta ta ban sani ba. Wannan ɗan rubutu amsar tambayar dattijon nan ce, ko da yake ta zo a makare da shekara hamsin.

KAFIN A HAIFE TA

Hausawa sun daɗe da rubutu kafin zuwan Turawa, amma da ajami suke yi, kuma waƙoƙi da wasiƙu da littattafan addini suka fi rubutawa. Da Turawa suka kafa makarantun boko sai suka tarar ba abin da yara za su karanta in sun iya haɗa baƙi. Saboda haka a 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya, aka kuma sake mata suna zuwa Hukumar Talifi a 1933. Baturen da ya shugabance ta, Dokta Rupert East, mutum ne mai son Hausa tsantsa, kuma a zamaninsa ne baƙaƙen nan masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna daram cikin rubutun boko.

A 1933 ɗin ne East ya shirya gasar ƙaga labarai, wadda ta haifar da littattafai biyar da muka karanta a aji: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai kuma Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo. Ashe ke nan sunan garinmu yana cikin wannan tafiya tun daga tashar farko. Ta wannan gasa ce East ya gano baiwar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Midil ta Katsina, ya jawo shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce.

Kafin Gaskiya an taɓa gwada wata, Jaridar Nijeriya Ta Arewa, wadda gwamnati ta fara bugawa a 1932 cikin harsuna uku, Hausa da Larabci da Turanci. Sai dai ba ta fitowa sai jefi-jefi, kuma ta fi kama da takardar sanarwa. Ba ta shiga zukatan jama'a ba.

HANNU NA FARKO: HUKUMAR TALIFI, 1939

A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta, East kuma yana sama da shi yana duba aiki. Wata-wata ake buga ta da farko. Kuɗinta kwabo ɗaya, kwabon nan mai huji a tsakiya, daga nan ne kuma sunan ya samo ma'anarsa: abin da mai saye zai samu a ciki ya fi abin da ya fitar daga aljihu.

Me ya sa Turawa suka ga dacewar kafa ta a wannan lokaci? Dalilai biyu ne suka fi fitowa fili. Na farko, guguwar yaƙi ta fara kaɗawa a Turai, jita-jita kuma ta cika kasuwannin Arewa, har ana cewa Ingila za ta miƙa wa Hitila ƙasar nan don ya huce. Na biyu, jaridun Ikko, musamman West African Pilot wadda Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937, sun fara shigowa Arewa ta jirgin ƙasa, suna faɗin maganganun da Turawa ba su so 'yan bokon Arewa su ji. Gwamnati na bukatar bakin da zai yi magana da talaka cikin harshensa.

To, da aka fara yaƙi a watan Satumba na 1939, sai jaridar ta zama abin nema. Ta ofisoshin En'e da makarantu take isa gundumomi irin tamu, ta faɗa hannun malamin hakimi da malamin makaranta da malamin asibiti, su kuma su karanta wa waɗanda ba su iya ba. Kwafi ɗaya kan ratsa kunnuwa da yawa kafin ya yage. An riƙa haɗa ta da wata 'yar takarda ta ajami mai suna 'Yar Gaskiya don malaman zaure, aka kuma fito da Suda mai ɗauke da labaran yaƙi. A daidai wannan zamani ne Malam Bello Dandago, wanda daga baya ya zama Sarkin Dawaki Mai Tuta ya kuma wakilci yankin Gwarzo a Majalisar Wakilai ta Ikko, yake birnin Ankara tare da Malam Isa Kaita suna watsa labaran yaƙin da Hausa ta rediyo.

Abin da ya ba jaridar rai, a ganina, shi ne filin wasiƙu. Imam ya gane cewa in takarda ta zama ta umarni kawai ba mai sayenta, don haka ya buɗe ƙofa ga masu karatu. Malaman makaranta da akawuna da 'yan kasuwa suka riƙa aiko da koke-kokensu a kan haraji da aikin tilas da halin wasu ma'aikatan En'e, shi kuma ya amsa musu da hikima da karin magana, yana taka-tsantsan kada ya taka sawun Razdan ko na sarki. Ta haka mutumin Gwarzo ya fara sanin cewa abin da ke damunsa shi ke damun mutumin Bauchi da na Sakkwato. Masu jaridar sun kafa ta don ta kai maganarsu ga jama'a, sai ga shi jama'a sun mai da ita wurin jin maganar junansu.

A 1943 aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Imam ne kaɗai ɗan Arewa a cikinsu. A can Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, yana ganin Arewa ba ta shirya ba, kuma ba wanda ya aiko shi da wannan saƙo. Amma ya gana da Lugga, tsohon gwamna, ya zayyana masa illolin mulkin En'e. Labarin wannan tafiya ne ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Wannan tsayuwa ta tsaka-tsaki ita ce halin jaridar a hannu na farko.

HANNU NA BIYU: KAMFANIN GASKIYA, 1945

Da yaƙi ya ƙare a 1945 sai aka kafa Kamfanin Gaskiya da kuɗin raya ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta ware. Aka gina masa maɗaba'a da ofisoshi da gidajen ma'aikata a Tukur-Tukur, Zariya, har unguwar ta ari sunan, ana ce mata Gaskiya. East ne shugabansa na farko. Jaridar ta bar hannun wani ɗan ofishi na sashen ilmi, ta koma hannun kamfani mai injinan kansa, wanda ake sa ran zai riƙa ciyar da kansa da cinikin ɗab'i. Fitowarta ta ƙaru, daga wata-wata zuwa mako bibbiyu, har ta zama ta mako-mako. A 1948 kamfanin ya haifa mata ƙanwa ta Turanci mai suna Nigerian Citizen.

Sai dai kiɗa ya canza a waje. An kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, an kuma kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Imam kansa ya shiga siyasa, ya bar kujerar edita a farkon shekarun 1950 bayan ya yi wajen shekara goma sha biyu a kanta, East ma ya koma gida. Da mulki ya fara komawa hannun 'yan ƙasa, sai kamfanin ya shiga ƙarƙashin inuwar Gwamnatin Jihar Arewa, wadda NPC ke riƙe da ita. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. 'Yan NEPU suka riƙa kallon Gaskiya da Citizen a matsayin kakakin gwamnati, suka karkata ga jaridar Comet ta Azikiwe, wadda ta dawo Kano da zama a 1949. A ƙasar Kano, inda rikicin NEPU da NPC ya raba gidaje, jaridar da mutum ya riƙe a hannu kan nuna inda ya dosa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu tuna da jaridar da ta fi kowace kusa da mu. Lokacin Yaƙi da Jahilci, an kafa Hukumar NORLA a Zariya, ta fara aiki a 1954, ta kuma fito da ƙananan jaridu na larduna don waɗanda suka koyi karatu da girma su sami abin karantawa. Lardin Kano aka ba shi Sodangi, Katsina Himma, Sakkwato Zaruma, Zazzau Bazazzaga, Bauchi Zumunta, Barno kuma Albishir. A cikin irinsu ne ake samun labarin gunduma da na kasuwa da na ajin dare. Amma da aka rushe NORLA a 1959, sai waɗannan jaridu suka bi ta. Masu karatunsu suna nan, ofishin da ke biyan kuɗin bugu ne ya rufe. Wannan darasi za mu sake cin karo da shi a gaba.

HANNU NA UKU DA NA HUƊU: SARDAUNA, SA'AN NAN JIHOHI SHIDA

Bayan samun mulkin kai a 1960, Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya ga cewa jaridun Kudu sun fi ƙarfin Citizen, Arewa kuma na bukatar jaridar kullum mai injinan zamani. Aka kafa sabon kamfani a Kaduna mallakar Gwamnatin Jihar Arewa, ranar 1 ga Janairu, 1966 kuma New Nigerian ta fito ta maye gurbin Citizen. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin wannan sabon kamfani. Tsohon Kamfanin Gaskiya ya ci gaba da aikin ɗab'i a Zariya, a wannan shekarar kuma ya haɗa hannu da Macmillan aka kafa kamfanin NNPC na buga littattafai, wanda tambarinsa ke bayan yawancin littattafan Hausa da muka yi jarrabawa da su.

Abin lura a nan shi ne, daga wannan rana Gaskiya ta zama ƙanwa a gidan da ita ce babba. Ta girmi New Nigerian da shekara ashirin da bakwai, amma hankalin shugabanni da kuɗin talla da sababbin injina duk suna wajen ta Turanci.

Hannu na uku bai daɗe ba. Mako biyu da fitowar New Nigerian, ranar 15 ga Janairu, 1966, aka yi juyin mulkin da ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ranar 27 ga Mayu, 1967 kuma Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi goma sha biyu, Arewa ta tashi da shida: Kano, da Arewa maso Yamma, da Arewa ta Tsakiya, da Arewa maso Gabas, da Binuwai-Filato, da Kwara. Gwamnatin da ta mallaki jaridar ta gushe. Kadarorin da ba su rabuwa, irin su jaridun nan da gidan rediyo da talabijin na Kaduna, sai aka damƙa su ga wata hukumar riƙo ta haɗin gwiwa da aka fi sani da ICSA. Wannan shi ne hannu na huɗu.

Abin mamaki, mutane da yawa na ganin wannan zamani shi ne lokacin da gidan ya fi daraja. A ƙarƙashin editoci irin su Malam Adamu Ciroma da Malam Mamman Daura, sharhin New Nigerian ya zama abin da gwamnati ke saurare da kunnen basira. Dalili kuwa, iyayen gida shida ne, ba ɗayansu da ke iya juya jaridar shi kaɗai, kuma dukkansu suna ganin amfanin Arewa ta sami murya ɗaya lokacin yaƙin basasa da bayansa. Ita ma Gaskiya ta ci albarkacin wannan, ta kai labarin bakin daga ga iyayen sojoji a ƙauyuka, ta kuma bayyana wa jama'a canjin hannun tuƙi a 1972 da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973. Tsohon kwabo ya tafi, sabo ya zo, sunan jaridar bai motsa ba.

HANNU NA BIYAR: GWAMNATIN TARAYYA, 1975

Janar Murtala Muhammad ya hau mulki ranar 29 ga Yuli, 1975. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatinsa ta karɓe kamfanin New Nigerian gaba ɗaya, ta kuma karɓi kashi sittin cikin ɗari na Daily Times ta Ikko. A cikin wannan guguwa ce Jami'ar Ahmadu Bello ita ma ta koma hannun Tarayya. Wannan ne canjin da ya faru muna makaranta, wanda na kasa faɗa wa dattijon ƙauyenmu.

Da farko ba a ga wani bambanci ba, domin kuɗin man fetur na shigowa. Har Gaskiya ta kai ana buga ta sau uku a mako, da filin waƙoƙi da na wasiƙu da na addini da labaran kotu. Amma uban gida ya yi nisa. Jaridar da aka haifa a Zariya don manomin Getso da na Garo, yanzu maganar kuɗinta da naɗin shugabanninta sai an je Ikko, daga baya kuma Abuja. Kowace gwamnati ta zo, ta soja ko ta farar hula, sai ta naɗa nata. Jama'a kuwa ba su da wuyar ganewa: in suka ga jarida ba ta taɓa ganin laifin mai mulki ba, sai su koma ga rediyo. Sashen Hausa na BBC yana nan tun 1957, Rediyon Kaduna tun 1962, kuma rediyo ba ya bukatar mai karantawa ko fitilar ƙwai.

Sa'an nan tattalin arziki ya juya baya. Bayan shirin SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, takardar bugu da tawada da kayan gyaran inji, waɗanda yawanci daga waje ake sayo su, suka yi tsada. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku da aka sa wa rai ta tsaya cikin shekarun 1990. Kuɗin jarida ya yi ta hawa har kwabon kansa ya ɓace daga kasuwa, yaran da aka haifa daga baya ma ba su san kamanninsa ba. Kwafin da ke isowa Gwarzo ya ragu, wanda ya iso ma sai ya kwana biyu a hanya.

A wannan tsakani mu ma a Kano mun yi tamu. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya kafa Kamfanin Triumph a 1980, wanda ya fito da Albishir ta boko da Alfijir ta ajami, sunaye biyu da aka gada daga zamanin NORLA. A tarzomar 10 ga Yuli, 1981, wadda aka kashe Dokta Bala Muhammad a cikinta, ofishin kamfanin na cikin wuraren da aka kai wa hari, don ana ganinsa bakin gwamnati ne. Ya farfaɗo ya yi shekaru yana aiki, sai gwamnatin jiha ta rufe shi a 2012, wadda ta biyo bayanta kuma ta sake buɗe shi. Ciwon dai iri ɗaya ne: jarida na numfashi ne da yardar wanda ke kan kujera.

HANNU NA SHIDA: JIHOHI GOMA SHA TARA, 2006

A zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo gwamnatin Tarayya ta shiga sayar da kamfanoninta. Shugabannin Arewa suka nuna cewa New Nigerian gadonsu ce, ba su yarda a sayar wa wani ba. A 2006 aka mayar da kamfanin ga jihohin Arewa. Sai dai jihohin da suka ba da shi su shida ne, waɗanda suka karɓa kuwa goma sha tara, domin an yi ta ƙirƙiro jihohi a 1976 da 1987 da 1991 da 1996. An yi murna, ana cewa ɗa ya dawo gida.

Amma ya dawo ne da bashi a wuya da tsofaffin injina da haƙƙoƙin ma'aikata da 'yan fansho da ba a biya ba. Gwamnoni goma sha tara, jam'iyyu daban-daban, kowa da gidan rediyonsa da talabijin ɗinsa a jiharsa, wasu ma da jaridarsu. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sa hannu a aljihu. Abin da ya zama ƙarfi a zamanin jihohi shida, wato rashin uban gida guda, shi ya zama rauni a zamanin goma sha tara, don wancan karon akwai abin da ya haɗa su, wannan karon kuwa babu. 'Yan shekaru bayan 2010 ma'aikata suka yi ta kukan albashi, injina suka yi shiru, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta daina zuwa hannun masu talla bayan ta haura shekara saba'in. An sha kafa kwamitoci da yin alkawarin farfaɗo da gidan. Ni dai rabona da in ga sabon bugunta a tashar Gwarzo ko ta Kabo har na manta.

Kada a ce Bahaushe ne ba ya karatu. A shekarar 2006 ɗin nan da aka mayar da ita, a cikinta ne kamfanin Media Trust ya fara buga Aminiya, ta kuma sami kasuwa. Kafin nan an yi Amana ta gidan Concord na Cif Abiola, an yi A Yau, an yi Al-Mizan. Littattafan marubutan Kano sun cika kasuwa tun ƙarshen shekarun 1980, yau kuma 'ya'yanmu da jikokinmu suna karanta Hausa a wayoyinsu dare da rana. Masu karatu ba su ƙare ba.

ABIN DA TARIHIN YA NUNA

In muka jera hannuwan nan shida, Hukumar Talifi, da Kamfanin Gaskiya, da Gwamnatin Jihar Arewa, da jihohi shida, da Tarayya, da jihohi goma sha tara, za mu ga abu ɗaya ya haɗa su. Duk hukuma ce ke miƙa wa hukuma. Ba a taɓa tambayar mai ba da kwabonsa ba, ba a kuma taɓa sayar masa da ko hannun jari ɗaya ba. Kowane uban gida ya riƙe jaridar ne gwargwadon bukatarsa: Bature don yaƙi, ɗan siyasa don zaɓe, soja don a ji umarninsa. Ranar da bukatar ta kau, sai hannu ya saki. Lokutan da ta yi haske kuwa su ne lokutan da aka sami edita mai ƙarfin hali da ya bar masu karatu suka yi magana, kamar yadda Imam ya yi da filin wasiƙu.

Duk da haka ba za mu yi mata butulci ba. Ita ta taimaka wajen daidaita mana rubutun Hausar boko. Ita ta ƙera ko ta yaɗa kalmomin mulki da siyasa da muke amfani da su yau kamar da su aka haife mu. Da yawa daga cikinmu a shafinta muka fara ganin cewa harshen da muke magana da shi a gida ya isa a tattauna al'amuran duniya da shi. Malamanmu na Hausa shaida ne, don sau nawa suka yanko sharhinta suka ba mu a jarrabawar auna fahimta?

Akwai kuma abin da ya rage a hannunmu. Tsofaffin kwafin jaridar suna ajiye a wurare irin su Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, amma takarda ba ta jure zamani. Waɗanda ke gidajenmu kuwa, yawanci an ƙunshe ƙosai da tsire da su, saura gara ta cinye. Na tabbata a cikin adakar wani tsohon malami a Kutama ko Lakwaya ko Durun akwai sauran Gaskiya, watakila ma har da Sodangi, wadda samunta ya fi wuya. A cikinsu akwai labarin naɗin hakimanmu da buɗe makarantunmu da farashin gyaɗa da auduga a kasuwanninmu, abubuwan da ba a rubuta su a wani littafi ba. Duk wanda ya ci karo da irin wannan, don Allah kada ya bari a hura wuta da ita. Ya ɗauki hotonta shafi-shafi da waya, ya kuma kawo wa laburaren makaranta a adana, yaranmu su gani.

Dattijon nan na ƙauyenmu ya daɗe da rasuwa, Allah ya gafarta masa. Da yana raye da na je na durƙusa na ce, "Baba, a daren da ka tambaye ni, ta gwamnatin Murtala ce, kafin nan ta ratsa hannu huɗu, bayan nan kuma ta ƙara ɗaya. Amma ku da kuka zauna bisa tabarma kuna saurare, ku ne kuka riƙe ta fiye da duk waɗanda sunansu ke kan takardar mallaka."

Allah ya jiƙan Malam Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, da sauran waɗanda suka yi wa wannan jarida hidima. Wassalam.